CIWON SANYI: RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI

 Kowace shekara mukan cika waɗannan shafuffuka da labarin wasanni, da sakamakon jarrabawa, da hotunan 'yan aji shida masu barinmu. Bana kuwa mun roƙi edita ya ba mu fili domin wata magana wadda ba a saba jinta a bakin malami ba, balle a gan ta a rubuce. Maganar ciwon sanyi ce, da sauran cututtukan da ake ɗauka ta wurin saduwar namiji da mace. Mun sani wasu za su ɓata fuska tun daga kan maganar. Muna roƙonsu su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, sa'an nan su yanke mana hukunci.

Ga abin da ya sa muka kasa yin shiru. A hutun da ya wuce wata tsohuwar ɗalibarmu ta zo gaishe mu, ta keɓe da ɗaya daga cikin malamanmu mata, ta kuma yarda a ba da labarinta muddin ba a faɗi sunanta ba. Shekararta shida da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Dangin miji sun fara kiranta juya a bayan idonta, wasu ma a gaban idonta. Da aka gaji da jiƙe-jiƙe aka kai ta Gusau, likita ya duba ya tarar hanyoyin nan biyu da ƙwai ke bi zuwa mahaifa sun toshe. Ya tambaye ta ko ta taɓa fama da ciwon mara da fitar ruwa. Ta ce ta yi a shekarar farko ta aure, amma kunya ta hana ta faɗa wa kowa, sai ta aiki yaro ya sayo mata kafso, ta sha kwana biyu, ciwon ya lafa. Likitan ya ce mai yiwuwa ne a nan ɓarnar ta soma, kuma da an kama abin da wuri, maganin mako guda ya isa. Abin da ta ce wa malamar ke nan: "Malama, kun koya mana yadda wake ke tsira, kun koya mana sassan jikin ƙwaɗo, amma wannan ba wanda ya gaya mana." Maganar ta soke mu, domin gaskiya ce.

SUNA ƊAYA, CUTUTTUKA DA YAWA

A Anka, da Gummi, da Bukkuyum, kome ya sami mutum daga cibiya zuwa gwiwa sai a ce sanyi ne. Amma a wurin masu aikin lafiya akwai manyan cututtuka huɗu da ake ɗauka ta wurin saduwa waɗanda kuma ake warkewa daga gare su sarai. Ta farko ita ce gonoriya, watau ainihin ciwon sanyin da kakanninmu suka sani, wanda ke sa namiji zafin fitsari da fitar mugunya 'yan kwanaki bayan ya ɗauka. Ta biyu ita ce kilamidiya, wadda ke kama da gonoriya amma ta fi ta iya ɓuya. Ta uku tunjere. Ta huɗu kuwa ana ce da ita tirikomonas, mai sa mata ƙaiƙayi da fitar ruwa mai wari.

Kada wani ya ce wannan ciwon 'yan tsiraru ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an sami sababbin kamu miliyan 374 na waɗannan cututtuka huɗu a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49. A ciki tirikomonas ta ɗauki miliyan 156, kilamidiya miliyan 129, gonoriya miliyan 82, tunjere kuwa sama da miliyan 7. In aka raba wannan lissafi bisa kwanakin shekara, ya haura mutum miliyan guda kowace rana ta Allah.

Wani abin mamaki shi ne, ƙwayar kilamidiya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. 'Yar'uwarta ta jini ce ke kawo amosanin ido, ciwon nan da ke sa gashin ido ya juya ciki ya riƙa gogar ƙwayar ido har tsoho ya makance, wanda saboda shi aka yi ta raba magani gida gida a ƙananan hukumomi da dama na Zamfara da Sakkwato. A idon masu wannan ciwo ne ma masana suka fara ganin ƙwayar a 1907. Sai dai a lura, ta ido ƙudaje ne da hannu marar tsabta da tsumma ke yaɗa ta, ba ta da wata dangantaka da saduwa. Abin da muke so a gane shi ne: ƙwaya iri ɗaya, in ta kama ido muna fitowa fili mu karɓi magani har da godiya, in ta kama mara sai mu rufe baki har ta gama da mu. Ashe ba ƙwayar ce ta fi ƙarfinmu ba, kunyar ce.

ƁARAWON DA BA YA TARI

Haɗarin kilamidiya shi ne yawancin masu ɗauke da ita ba su jin kome, musamman mata. Mutum yana noma, yana cin kasuwa, yana zuwa makaranta, bai san yana da ita ba, bai kuwa san yana ba wani ba. A jikin mace, ƙwayar takan hau daga bakin mahaifa zuwa hanyoyin ƙwai, ta kumbura su, in sun warke su bar tabo. Tabon nan ne ke toshe hanya. Wani lokaci hanyar ba ta toshe duka ba, sai ciki ya shiga amma ya tsaya a cikin hanyar maimakon mahaifa. In ya girma ya fasa ta, jini ya zuba a ciki, ran mace yana hannun Allah in ba a yi mata aiki da gaggawa ba. Ku tuna nisan ƙauyukanmu da asibitin da ake yin aiki, ku tuna kuma halin da hanyoyinmu suke ciki. A jikin namiji kuwa, ita da gonoriya sukan kumbura maraina, gonoriyar da aka bari ta daɗe kuma takan ƙuntata hanyar fitsari har fitsari ya zama aiki.

Jariri ma bai tsira ba. In uwa tana ɗauke da gonoriya ko kilamidiya, yaro yakan shafo ta a idonsa lokacin haihuwa. Ta gonoriya takan nuna cikin kwanakin farko, ido ya kumbura yana zubar da mugunya, in an yi sakaci ya makance kafin a yi arba'in. Ta kilamidiya takan bayyana daga kwana 5 zuwa mako biyu, har takan sauka a huhun yaro. Dalilin da ya sa ke nan ake shafa wa jariri man ido a asibiti da zarar an haife shi.

Tunjere kuwa ya fi su duka wayo. Yakan fara da ɗan miki marar zafi wajen mako uku bayan an ɗauka, mikin ya warke da kansa, mutum ya ce jiƙon da ya sha ne ya yi aiki. Bayan wani lokaci ƙuraje su feso, har a tafin hannu da tafin ƙafa, su ma su ɓace. Daga nan sai ya kwanta shekara da shekaru, kafin ya taso wa zuciya ko ƙwaƙwalwa. Mace mai ciki da ke ɗauke da shi takan yi ɓari, ko ta haifi ɗa ba rai, ko ta haifi yaro mai ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 an sami jarirai wajen 700,000 da abin ya shafa a duniya. Alhali kuwa tun 1943 aka tabbatar allurar fenisilin tana kashe tunjere, har yau kuma tana kashe shi. Bugu da ƙari, duk waɗannan cututtuka suna buɗe wa ƙanjamau ƙofa, domin fatar da ta yi miki ko ta kumbura ta fi saurin karɓar ƙwayarsa.

DARASIN DA DALMA TA KOYA MANA

Mutanen wannan yanki ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan cutar da ido ba ya gani. A 2010 yara suka yi ta suma suna mutuwa a Dareta da Abare da Bagega cikin ƙasar Anka, da 'Yargalma cikin ƙasar Bukkuyum. An ce iska, an ce zazzaɓi, sai da aka gwada jini aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Akwai kuma dubbai da suke wasa lafiya lau a ido, amma gwaji ya nuna jininsu cike yake da guba.

Abu biyu muka koya a wancan lokaci. Na farko, rashin jin ciwo ba shi ne lafiya ba. Na biyu kuwa shi ne ya fi shafar maganarmu. Likitocin ƙungiyar MSF sun nace cewa ba amfanin a ba yaro maganin fitar da dalma a kuma mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da ita. Sai an kankare ƙasar gidan an zuba sabuwa tukuna. Abin da ya sa yaran Bagega suka yi ta jira har aka share garin a 2013 ke nan.

To, haka ciwon sanyi yake. In aka yi wa mace magani aka bar mijinta, ko aka yi wa miji aka bar matarsa, an yi aikin banza, domin wanda aka bari zai mayar wa wanda ya warke. Jiki ba ya yin garkuwa da waɗannan cututtuka, ana iya kamuwa sau goma. Saboda haka maganin na mutum biyu ne, a lokaci guda, in kuwa gidan mai mata biyu ko uku ne, to, na dukansu ne. Su kuma haƙura da juna har kwana 7, ko har a gama shan maganin. Amma me muke gani? Layin asibiti cike da mata, maigida kuwa yana gindin bishiya yana cewa shi lafiyarsa ƙalau. Mun riga mun faɗa, jin ƙalau ba shaida ba ce.

MAI LASIFIKA DA MAI KEMIS

Ranar kasuwa kowa ya san motar nan mai lasifika, wadda ke tallar garin magani guda mai warkar da sanyi, da basir, da shawara, da ciwon baya. Mai tallar yana faɗin sunayen al'aura da ƙarfi yara suna dariya, ba wanda ya ce ya yi rashin kunya. Amma malami ya faɗi rabin wannan a aji domin ceton rai, sai a kai ƙararsa wurin shugaban makaranta. Wannan wane irin awo ne?

Wanda bai je wurin mai lasifika ba yakan je kemis da dare, ya sayi kafson nan mai ja da rawaya guda huɗu, gwargwadon kuɗin aljihunsa. Zafin ya ragu, ya ce ya warke. Nan kuwa raunanan ƙwayoyin ya kashe, ya bar masu taurin kai suna hayayyafa. Da haka gonoriya ta yi ta cinye magunguna ɗaya bayan ɗaya. A 1976 aka gano irin da fenisilin ba ya kashewa a Ingila da Amurka, da aka bi sawu kuwa aka tarar wani daga Afirka ta Yamma ya fito, wani daga gabashin Asiya. Daga baya ta fi ƙarfin tetirasaikilin, ta fi ƙarfin sifiro. Allurar seftiriyazon da likitoci suka dogara da ita ma an sami ƙasashen da ta fara gazawa. Duk wanda ya sha rabin magani ya ajiye, ya taimaka wa cutar ta yi wa jikokinsa tanadi.

Kowace cuta da nata magani. Kilamidiya ƙwayoyi ne na kwana 7, mai ciki kuwa akwai nata dabam, domin wanda ake ba sauran mutane bai dace da ita ba. Gonoriya allura ce. Tunjere allurar fenisilin ce mai daɗewa a jiki. Tirikomonas kuma nata ƙwayoyin dabam ne. Yaya mai kemis zai san wadda ke damunka daga bayan kanta, a cikin duhu, kana magana ƙasa ƙasa? Gaskiya ne gwajin da ke kama kilamidiya kai tsaye yana bukatar na'ura mai tsada wadda ba kowane asibiti ke da ita ba. Amma an koya wa ma'aikatan lafiya yadda za su bi alamu su haɗa maganin gonoriya da na kilamidiya gaba ɗaya, gwajin tunjere kuwa ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako ya fito kafin ka tashi daga benci. Babban asibitin Anka, da na Gummi, da na Bukkuyum sun fi kusa da mu bisa ga Gusau, kuɗin maganin mako guda kuma bai kama ƙafar abin da ake kashewa wajen neman haihuwa shekara goma ba.

MASU CEWA A YI SHIRU

Wasu dattawa da muke girmamawa sun ce mana, "In kun gaya wa yara ciwon yana da magani, ai kun cire musu tsoro, kun buɗe musu hanya." Mun ɗauki wannan magana da nauyi, domin mu ma iyaye ne. Matsayinmu bai sake ba: saurayi da budurwa su kame kansu har aure, miji da mata su riƙe amanar juna. Ba wata kariya da ta kai wannan, likitoci ma sun yarda. Amma muna da tambaya. Shekara nawa muka yi muna shiru, shirun ya hana? Yaran da ba mu gaya musu ba suna ji a wayar hannu, suna ji a bakin mai lasifika, sai dai abin da suke ji gurɓatacce ne. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Sa'an nan a tuna, ba duk mai ciwon ne ya nemo shi ba. Akwai amaryar da ta shiga ɗakinta da mutuncinta ta tarar da shi a can. Akwai jaririn da bai san kome ba. Akwai kuma 'yan'uwanmu mata da 'yan bindiga suka ci zarafinsu a gona, ko a hanya, ko a daji, waɗanda da yawansu suka yi gudun hijira zuwa cikin garuruwanmu. Wace kunya za mu ɗora musu a kan wadda aka riga aka ɗora? Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, wadda aka yi wa fyaɗe a kai ta asibiti kafin kwana 3 su cika, watau awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin hana kamuwa da ƙanjamau yake aiki. Ko kwanakin sun wuce a kai ta, domin sauran cututtukan suna da magani.

Har ila yau, ba kowane ƙaiƙayi ko fitar ruwa ne ciwon saduwa ba. Akwai wanda ke tasowa daga jikin mace da kansa, har ga yarinyar da ba ta san namiji ba. Akwai tsargiya, wadda yaranmu na bakin gulbi ke ɗauka wurin wanka da wanki, mai sa fitsarin jini, wadda a jikin mace takan yi kama da ciwon sanyi. Don haka kada miji ya ɗaga murya, kada uwar miji ta fara habaici, kafin ma'aikacin lafiya ya duba. Kilamidiya ma takan zauna a jiki wata da watanni ba a sani ba, bayyanarta yau ba ta nuna jiya aka ɗauko ta. A gefe guda kuma, mu daina fakewa da cewa a masai ake ɗaukar gonoriya ko kilamidiya. Ba a ɗaukarsu a masai, ko a kujera, ko a kwanon abinci. Wannan zance yana rufa asiri na kwana ɗaya, amma shi ne ke sa a bar abokin zama ba magani.

ABIN DA MUKE ROƘO

Ga iyaye maza, muna roƙo in an ba matarka takarda a asibiti an ce ka zo, ka je. Zuwan nan ba faɗuwar girma ba ce, shi ne girman. In kuwa aka daɗe ba haihuwa, a duba ku duka biyu kafin a sa wa 'yar mutane suna.

Ga iyaye mata da shugabannin zumuntar mata, ku ne kuke jin abin da ba ya kai wa kunnen maza. Ku matsa wa kowace mai ciki ta je awo da wuri, ta kuma tambaya da bakinta a yi mata gwajin tunjere tare da na ƙanjamau. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin su biyun da tsinke guda. In kun ga idon jariri yana mugunya, kada a tsaya ɗiga masa nono ko shafa tozali, a kai shi asibiti a ranar.

Ga dattawan ikkilisiya, da yake an saba neman gwajin ƙanjamau da na sikila kafin a ɗaura aure, me zai hana a ƙara da na tunjere? Sai dai sakamakon ya tsaya tsakanin masu auren da likita, a yi magani a ci gaba da shirin biki. In gwaji ya zama abin tonon silili, mutane za su guje shi.

Ga ma'aikatan lafiya, waɗansunku ma a azuzuwanmu kuka zauna, ku riƙe sirri kamar yadda kuka yi alkawari. Magana ɗaya da ta fita daga ɗakin duba marasa lafiya ta isa ta mayar da gari guda wurin mai lasifika.

Mu malamai kuwa mun ɗauki namu laifin. Darasin nan yana cikin littafin kimiyya, mu ne muke tsallake shi mu ce a karanta a gida. Daga zangon karatu mai zuwa ba za mu ƙara tsallakewa ba: malamai mata za su zauna da 'yan mata, maza da samari, a yi bayani da ladabi, a amsa tambaya.

Ku kuma 'yan aji shida, da ku za mu rufe. Kuna fita zuwa Gusau, da Sakkwato, da Zariya, da wuraren da ba mai buga muku ƙararrawa. Ku riƙe tarbiyyar da aka ba ku, ita ce garkuwarku ta fari. Ku sani kuma kwaroron roba yana rage haɗarin kamuwa ƙwarai in an yi amfani da shi daidai, ko da yake bai kai kamewa ba. In kuwa wani ya yi tuntuɓe, ko aka zalunce shi, ko ya ga alamar da bai gane ba, kada ya ƙara wa kansa da ɓoyo. Ya nufi asibiti, ya faɗi gaskiya, ya shanye maganin duka, ya sanar da wanda abin ya shafa, ya kuma koma a sake dubawa bayan wata 3. Kunyar rabin awa a gaban likita ta fi kukan shekara ashirin a cikin ɗaki.

Ita wannan ɗalibar tamu tana nan tana neman taimakon likitoci, mijinta kuma, mun ji daɗin ji, yanzu tare suke zuwa. Muna yi musu addu'a. Muna kuma fata ita ce ta ƙarshe da za ta dawo ta ce mana ba wanda ya gaya mata. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu duka, ya kai ku gida lafiya. Amin.